Tsinkayen Saƙar Babanmu

Tafin hannuna na hagu yana da huji. Nama ya toshe shi tuntuni, amma tabon yana nan ciki da baya, yatsu biyu na ƙarshe kuma ba sa lanƙwasuwa. Masu zuwa sayen hula sukan ƙura masa ido, wani ya ce, "Malam, kibiya ce?" Sai in ce kibiya ce, don a wuce wurin. Ba kibiya ba ce. Tsinken saƙar babanmu ne, wanda ya soka mini shi kuwa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Babanmu ɗan ayari ne tun kafin Nasara su zo su kafa duwatsu su ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. A Damagaram ya yi wa wani Balaraben Tarabulus barantaka, a wurinsa ya koyi saƙa hula da safa. Da Balaraben zai koma gida bai ba shi riga ba, bai ba shi raƙumi ba, sai tsinkaye biyar na farin ƙarfe, sirara, masu tsini kai da gindi, santsinsu kamar an lashe su. Da su ya dawo ƙauyenmu da ke gefen Gagarawa, da su ya ci ya sha har ya mutu.

Wanda bai san aikin ba bari in gaya masa. Hula da safa a zagaye ake saƙa su. Tsinkaye huɗu su riƙe saƙar a kewaye, na biyar ya riƙa bi yana kwashe zare daga wannan zuwa wancan. In biyar ba su samu ba, huɗu ma sa yi: uku su riƙe, ɗaya ya yi aiki. Ƙasa da huɗu kuwa, ba ka da komai sai ƙarafan tsokanar wuta.

Shi ya sa babanmu ba ya yarda su rabu. Yana da guntun gora mai rami, irin wadda ake sanda da ita, can kudu ya samo ta. In ya tashi daga aiki sai ya goge kowane tsinke da tsumma mai man shanu, ya zura su ciki, ya toshe bakin, ya kai kunne ya girgiza. Biyar ɗin sun cika ramin cif, ba ka jin komai. In ɗaya ya yi ƙasa sai su yi kacau-kacau. Daga nan ya soke gorar a jinkar ɗakinsa, inda hannun yaro ba ya kai.

Sau ɗaya na taɓa jin wannan kacau-kacau Baba yana da rai. Ni na bar tsinke ɗaya a ƙasa, rairayi ya shanye shi. Bai yi faɗa ba. Igiyar guga ya ɗauko, jiƙaƙƙiya, ya ninka ta biyu, ya zane ni har bayana ya fashe. Ya miƙo mini rariya ya ce in tankaɗe tsakar gida. Na tankaɗe, jini yana bin gadon bayana, ƙudaje suna bin jinin, har tsinken ya fito kusa da turken akuya. Ya karɓa, ya goge, ya mayar, ya girgiza. Sannan ya ce in kwanta rub da ciki, ya shafa mini man shanun nan da yake shafa musu. Haka babanmu yake.

Ni ya koya wa aikin, ba don ya fi so na ba. Kurkunu ne ya fito mini a gwiwar dama ina yaro, ya tsinke a ciki, ƙafar ta shanye. Ba na iya riƙe fartanya in kai ƙarshen kunya. Sai ya zaunar da ni gindin tsamiyar ƙofar gida, ya sa mini zare a yatsa. Wana shi ya gaji gona da jakai. Shi ke noma geron da muke ci, shi ke kora jakai Maigatari ya ɗauko kanwa. Ƙato ne, wuyansa kamar na bajimi, dukan jaki kuwa ba ya bari sai sandar ta karye. Yakan dawo da rana tsaka, ƙafafunsa duk ƙaya, ya tarar da mu a inuwa ni da Baba muna ta ƙyas-ƙyas da tsinkaye. Sai ya sa ƙafa ya shure ƙwallon zarena ya gangara cikin kashin jakai, ya ce, "Sannunku da aiki, 'yan mata." Baba ba ya ɗaga kai. Ni ma ba na ɗagawa, in na ɗaga zan sha mari bayan gida.

Innarmu ta riga Baba rasuwa. Da shi ma ya cika, muka rage mu uku: wana, da ni, da ƙanwarmu da ke aure a Sule Tankarkar. Bayan sadakar arba'in limamin ƙauyenmu ya zo rabon gado. Aka taka gona, aka raba awaki, aka raba rumbu, duk lafiya. Sai wana ya shiga ɗakin Baba, ya zaro gorar daga jinka, ya jefa ta kan tabarma.

Liman ya ce, "Waɗannan kayan sana'a ne, raba su ɓata su ne. A bar wa ɗan'uwanka, kai a ƙara maka akuya daga kasonsa. Shari'a ta yarda da haka in kun yarda."

"Ban yarda ba, Allah gafarta malam."

"To, akuya biyu."

"Ko garke ne. Na ubana ne ko ba na ubana ba ne?"

"Na ubanka ne."

"To a raba. Namiji biyu, mace ɗaya, ba haka kuke karantawa ba? Ga su nan biyar, Allah ma ya riga ya raba."

Liman ya yi ta lallashi, dattawan da ke wurin suka sa baki. Wana ya miƙe, ya ɗora diddige kan gorar, ya taka. Ta tsage gida-gida, tsinkayen suka watse kan tabarma. Ya tsinci biyu ya soke a hularsa. Liman ya yi salati, ya tura mini biyu, ya tura wa ƙanwarmu ɗaya.

Ita ko juya nata ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta ajiye shi kan cinyata, ta ce, "Yaya ƙarami, riƙe."

Kafin ta janye hannun, wana ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, matar aure, a gaban liman. Leɓenta ya fashe. Ta tofar da jini gefen tabarma, ta dube shi ta ce, "Nawa ne, Yaya babba, malam ya faɗa. In na ga dama rijiya zan jefa shi." Ya sake ɗaga hannu, aka rirriƙe shi. A ranar ta koma gidan mijinta, ba ta sake taka ƙauyenmu ba.

Na tashi da uku. Ɗaya tak ya rage in koma bakin aikina, ɗayan nan kuwa yana kan wana.

Lokacin ina da mata da 'ya ɗaya tana goye. Kason gonata na ba wani maƙwabci ya noma mu raba, damina kuma ta yi gardama, abin da aka kawo mini bai kai mu rani ba. Na je wurin maƙerin Gagarawa da tsinke ɗaya na ce ya yi mini irinsa. Ya yi iyakar yinsa. Amma ƙarfen tama ne, baƙi, duk gogar da aka yi masa da dutse sai ya riƙa cizon zare yana tsinka shi, kaurinsa kuma bai zo ɗaya da sauran ba. Hula ta riƙa fitowa gefe ɗaya a tsuke, gefe ɗaya a sake. Na fiƙe na icen aduwa, ya karye a hannuna. Na kai hulunan kasuwa, wani bafatake ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan ta mai kai biyu ce?" Aka yi dariya. Waɗanda suka saba sayen safa wurin Baba, masinjoji da masu gadin iyaka na ɓangaren Faransa, suka daina aikowa. Matata ta koma dafa mana tafasa da ɗan dusa. Nononta ya ƙafe, yarinya ta yi ta kuka har muryarta ta dushe.

Na ja akuyar da ta rage mini, na dogara sanda, na shiga gidan wana. Na tarar ya kayar da jaki, ya ɗaure masa ƙafafu, ya hura wuta. Ɗaya daga cikin tsinkayen Baba yana cikin garwashi ya yi ja. Sakiya yake yi, wato huda kumburi da jan ƙarfe. Ina tsaye ya zaro shi ya luma a kafaɗar jakin. Ƙauri ya tashi, jakin ya yi wani irin kuka, ruwa ya tsarto. Tsinken ya fito baƙi ƙirin, ya ɗan karkace. Wannan kam ya tashi daga aikin saƙa har abada. Ɗayan yana nan fari tas a hularsa.

Na ce, "Yaya, ga akuya. Ba ni na hularka."

Ya ce, "Gurgu, yunwa ta koro ka daga inuwa?"

"Yarinya ba ta da nono."

"Da nake rana ina noma abin da kuke ci kai da tsohon, wa ya taɓa cewa in zo inuwa in sha ruwa?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Aro ma ya isa."

Ya taso ya fizge sandata, na faɗi. Ya ɗora ƙafa kan gurguwar gwiwata ya danna, a hankali, yana kallon fuskata, har na ji abu ya yi ƙas a ciki. Na yi ihu irin na jakin. Ya jefa sandar bayan danga, ya kore akuyar da dutse. Da jan gindi na fita gidan.

Gwiwar ta daɗe kafin ta bar ni in taka. Da na samu dama sai na bi wani mai takarkari zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, da karkatattun hulunana, ko Allah zai sa wani baƙo ya saya bai duba ba. Rana ta take, ban yi ciniki ba. Na ja jiki wajen rumfar maƙera in nemi inuwa. Ina isa na hangi wana a tsugune gaban wani maƙeri, farin tsinken nan a hannunsa. Na ji yana cewa a buga masa gindin ya yi faɗi, a huda, ya zama basilla ta ɗinkin mangalar jaki. Maƙerin ya ce a zuga wuta.

Ban yi shawara da kaina ba. Na yar da sanda da huluna, na faɗa kansa ta baya, na cafke tsinken. Muka kife cikin toka. Ya juyo ya ga ni ne, ya yi wata irin dariya, ya buga mini goshi a hanci. Na ji hancin ya fashe, jini ya cika mini baki, amma ban saki ba. Ya kama maƙogwarona da hannu ɗaya, na kafa masa haƙora a dantse har suka haɗu da juna. Ya yi ƙara, ya murɗe tsinken daga yatsuna, ya haye ƙirjina. Na miƙa hannun hagu in sake kamawa. Sai ya danne wuyan hannun a ƙasa da gwiwarsa, tafin yana kallon sama.

Ya ce, "Shi kake so? Ungo gadonka!"

Ya ɗora tsinin a tsakiyar tafina, ya sakar masa nauyinsa duka. Na ji shigarsa, na ji ya goge ƙashi, na ji ya fita ta baya ya shige ƙasa. Zafin bai zo nan take ba. Abin da na fara ji sanyi ne, har cikin haƙorana.

Maƙera da fatake suka yi caa a kansa, da ƙyar suka ɗaga shi. Na zaro hannuna daga ƙasa da tsinken a ciki, rabi ta gaba rabi ta baya, na rungume shi a ƙirji. Jini yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga cikin toka.

Wana yana fizge-fizge a hannun mutane yana cewa, "Ku zare mini ƙarfena! Ɓarawo ne, ƙarfena ne!"

Wani mai tausayi ya durƙusa zai zare. Na kai masa cizo, ya ja da baya ya ce, "A'a, wannan ya haukace."

Aka kira sarkin kasuwa, wani tsoho mai jan gemu da lalle. Ya dubi hannuna, ya dubi wana, ya tambayi maƙerin yadda aka yi. Sannan ya ce wa wana, "Kai, samari, ƙarfenka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe, na gado."

"Wa ya sa shi inda yake?"

Sarkin kasuwa bai jira amsa ba.

"To, ga hanya biyu. Ko in haɗa ku da mutum ku tafi Gumel gaban alkali, da hannun nan yadda yake, ka faɗa masa naka ne. Ko kuwa ka kori jakanka ka bar wa mai hannu abin da ke cikin hannunsa."

Kowa ya san alkali ba zai bar mai zub da jini a kasuwa ya kwana a gida ba, gidan yari kuma ba a shiga da jakai. Wana ya tsaya yana huci, jini yana zuba a dantsensa inda na cije. Ya tofa mini yawu a fuska, ya ratsa mutane ya tafi.

Aka kai ni wurin wanzami bayan kasuwar raƙuma. Ya sa mutum biyu suka danne ni, ya naɗe bakin tsinken da tsumma zai ja.

Na ce, "Ja shi a miƙe. Kada ka lanƙwasa mini shi."

Ya ce, "Hannun?"

"Ƙarfen."

Ya dubi masu riƙe da ni ya ce, "Yau na ga ikon Allah." Ya taka wuyan hannuna ya ja. A nan zafin ya zo gaba ɗaya, na amayar da ɗan abin da ke cikina, na suma. Da na farfaɗo an cusa mini garin bagaruwa a ramin an ɗaure, tsinken kuma yana cikin hannuna na dama. Sun ce ko a sume ban yarda an ɓamɓare yatsuna ba. Na duba shi a rana. Bai lanƙwashe ba.

Hannun ya kumbura kamar ƙwarya, ya yi ruwa, ya yi wari har matata tana toshe hanci in za ta wanke. An ce a yanke, na ƙi. Da kumburin ya sace sai yatsu biyu suka sandare. Na sake koyon riƙon saƙa da yatsu uku kamar sabon shiga, zare yana kuɓucewa, ina zagin kaina. Hular farko da ta fito daidai, matata ta kai ta gidan mai unguwa ta dawo da gero a ƙwarya. Yarinya ta rayu. Ba mu ƙara damina a ƙauyen ba, muka tattara muka koma Gumel, na samu gindin wata bishiya a ƙofar gidan da muka sauka, kusa da masu ɗinkin riguna.

A nan na yanko reshen tumfafiya, na ƙwaƙule cikinsa, na kai wa baduku ya rufe shi da jar fata. Ya ce in kawo tsinkayen ya gwada. Na ce ya yi ramin na biyar. Ya ce huɗu yake gani. Na ce na ji, ya yi na biyar. Shekara da shekaru, duk yammar da na tashi daga aiki na girgiza, sai in ji kacau-kacau, bayana ya yi yam.

Labarin wana a bakin mutane nake ji. An ce jakansa sun mutu ɗaya bayan ɗaya. An ce lokacin da Turawa suke kwasar mutane ɗaukar kaya a yaƙinsu an haɗa da shi, an yi kudu. Ban yi masa addu'a ba, ban kuma yi masa baki ba.

Wata rana da hantsi ina bakin aiki sai inuwa ta rufe mini saƙa. Na ɗaga kai na ga wani dogon tsoho, ƙashi da fata, ya dogara sanda. Sai da ya yi magana na gane shi.

"Gurgu."

"Yaya."

Ya zame ya zauna, ya yaye tsummar da ke cinyarsa. Kumburi ne kamar tulu, yana ƙyalli, ya yi baƙi a tsakiya. Ya cire hula, ya zaro baƙin tsinken nan na sakiya, ya jefo mini.

"Huda mini."

"Ga wanzamai can bakin kasuwa."

"Hannunsu rawa yake. Kai ka san yadda yake shiga."

Matata ta leƙo daga zaure ta gan shi, ta ce, "Malam, wallahi in ya shigo gidan nan ni fita zan yi." Na ce ta kawo garwashi. Ta kawo, ta dangwarar, ta koma.

Na kira maɗinka uku suka danne shi, ɗaya a ƙirji, biyu a ƙafafu. Na sa masa guntun ice a baki. Na tura tsinken cikin wuta har ya yi ja, na kama shi da tsumma da hannun nan mai huji. Ya dube ni, na dube shi. Na luma a inda ya nuna. Fata ta yi cuu, ƙauri ya tashi, ya banƙare har ya ɗaga mutum ukun nan sama, icen ya dare a bakinsa. Ruwa da jini suka tsarto mini har fuska. Na zare, na matse cinyar da hannu biyu har sai da jan jini ya biyo baya. Ƙaton nan da ya taka mini gwiwa ya yi fitsari a zaune, yana kiran Inna.

Da tsinken ya huce na kankare shi da toka, na shafa masa man shanu. Wana yana kwance yana numfashi sama-sama, ya miƙo hannu.

"Ba ni. Nawa ne."

Na ce, "Taso ka karɓa."

Na zura shi cikin tumfafiyar tare da 'yan'uwansa, na toshe, na kai kunne na girgiza. Shiru.

A zaurena ya yi jinya. Matata ba ta fita ba, ita ce ma take aiko masa da kunu, ko da yake ba ta taɓa gaishe shi ba. Ni da shi ba mu yi zancen Maigatari ba, ba mu yi zancen Baba ba. Da ƙafar ta ɗauke shi, na dawo daga masallaci wata azahar na tarar da tabarma a naɗe. An ce an gan shi ya yi hanyar Ɗanzomo. Ya laluba jinkar zaure kafin ya tafi, na ga inda ya bubbuɗa ciyawar. Bai san ni a ƙugu nake ɗaure abina ba. Tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Baƙin tsinken ba ya saƙa, cizon zare yake, har yau da huɗu nake aiki. Zamansa a ciki kawai yake yi.

Yanzu gemuna ya fara fari, idona ya fara gajiya, 'ya'yana huɗu. Babbar, wadda ta yi kukan nono, ita kaɗai ta zauna ta koyi aikin. Bara na tara liman da maƙwabta biyu a ƙofar gida, na kwance tumfafiyar daga ƙuguna na damƙa mata a hannu, na ce su shaida kyauta ce, duka biyar, ina da raina da hankalina. Yanzu aro nake yi a wurinta, in ɗauka da safe in mayar da yamma. Ƙannenta maza sun ɓata rai, babban cikinsu har ya ce ai shi ma na ubansa ne. Na ɗaga hannun hagu na buɗe masa tafin a fuska, na ce ya duba da kyau.